An ceto shi, an sallame shi, sai kuma me?

Akwai wata al'ada tamu da nake ganin tana cin rayuka a ɓoye, kuma da kyakkyawar niyya muke yin ta. Saurayi ko budurwa, magidanci ko matar aure, ya yi yunƙurin halaka kansa. Da yake da sauran shan ruwa a gaba, aka garzaya da shi asibiti, likitoci suka yi ta fama har ya farfaɗo. Kwana biyu ko uku aka sallame shi. Daga nan sai aikin rufa-rufa ya fara. Maƙwabta a ce musu zazzaɓi ne ya yi tsanani, ko kuskure ya yi wajen shan magani. A cikin gida kuwa a yi masa taron dangi, kawu ya zo, baffa ya zo, gwaggo ta zo daga wata unguwa. "Ci ka rasa ko sha? Me aka yi maka da za ka jawo mana wannan abin kunya? In maganar nan ta fita wa zai auri ƙannenka?" Uwa tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi. Ƙarshenta a ɗauko Alƙur'ani a ce ya dafa ya rantse ba zai ƙara ba. Ya rantse, kansa a sunkuye. A shafa fatiha, kowa ya kama gabansa, an ɗauka an gama.

Ni kuwa a ganina ranar ce ya kamata a ce an fara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, sama da kashi 70 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, irin namu ke nan. Ta kuma ce babu alamar da ta fi nuna mutum yana cikin haɗari kamar a ce ya taɓa yin yunƙurin a baya. Da aka tattara binciken da aka yi a asibitoci daban-daban, an ga wajen mutum ɗaya cikin shida yakan sake cutar da kansa kafin shekara ta zagayo, kuma makonni da watannin farko bayan sallama su ne mafi tsanani. Wato daidai lokacin da mu muka yi shiru muka koma harkokinmu. Amma akwai ɗaya fuskar lissafin, wadda ba a cika faɗa ba: wajen tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙurin ba ta wannan hanya suke mutuwa ba. Suna rayuwa, su yi aure, su haifi 'ya'ya, su tsufa. Ƙuncin yana wucewa. Abin da ake buƙata shi ne a riƙe mutum har ya wuce.

Bari in tsaya a kan rantsuwar nan, don ita ta fi damuna. Ba mu kaɗai muka taɓa dogara da ita ba. Likitocin Turawa sun daɗe suna sa majinyaci ya sa hannu a takardar alkawari cewa ba zai cutar da kansa ba. Da aka zo aka auna, ba a sami hujjar cewa takardar tana kare kowa ba. A 2017 an buga sakamakon wani gwaji a kan sojojin Amurka da suka zo asibiti cikin irin wannan hali: wasu aka karɓi alkawarinsu, wasu kuma aka zauna da su aka rubuta abin da za su yi idan tunanin ya dawo. Cikin wata shida, yunƙuri a ɓangare na biyu ya yi ƙasa da na farko da kusan kashi uku cikin huɗu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alkawari yana gaya wa mutum abin da ba zai yi ba, bai gaya masa abin da zai yi ba idan dare ya raba, kowa ya yi barci, ƙirjinsa ya cika. Tamu rantsuwar ma ta fi haka illa, domin ta toshe bakinsa. Wanda ya dafa Alƙur'ani a gaban iyayensa, da wane ido zai dawo bayan mako biyu ya ce "Umma, abin nan ya dawo mini"? Yanzu ga nauyin da ya kai shi asibiti, ga kuma tsoron ya zama mai karya rantsuwa. Mun samar wa kanmu kwanciyar hankali, shi kuma mun ƙara masa kaya. Mai ɗori ba ya ɗaure ƙafa ya ce ka rantse ba za ka sake karyewa ba. Cewa yake ka dawo ranar kaza a duba, kada ka taka, a riƙa gasawa.

To me aka gwada aka ga yana aiki? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne araharsa.

Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Jerome Motto a birnin San Faransisko ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ake sallama ba sa dawowa asibiti. Tsakanin 1969 da 1974 ya tattara mutum 843 da suka ƙi ci gaba da jinya, ya raba su gida biyu. Rabi aka ƙyale su. Rabi kuma aka riƙa aika musu gajeriyar wasiƙa, layi biyu ko uku, ba wa'azi, ba tuhuma, ba neman komai: muna fatan kana lafiya, in kana so ka rubuto mana za mu yi murna. Wasiƙa 24 cikin shekara biyar, da farko a kai a kai, daga baya a jefi-jefi. A shekara biyun farko, mace-mace a cikin masu samun wasiƙa ya yi ƙasa ƙwarai da na waɗanda aka ƙyale. Takarda ce kawai da kan sarki.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce. To Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada makamancinsa a ƙasashe biyar da suka fi kama da mu: Burazil, Indiya, Siri Lanka, Iran da Sin. Mutum 1,867 da aka kawo ɗakin gaggawa bayan yunƙuri. Rabinsu aka yi musu zaman awa ɗaya na bayani kafin sallama, sannan aka bi su sau tara cikin wata 18, ko ta waya ko a taka a je. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna waɗanda suka mutu ta hanyar kashe kai a cikinsu kashi 0.2 ne cikin 100, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 2.2. Ba duk gwaje-gwajen da suka biyo baya ne suka ba da sakamako mai kyau haka ba, wasu ma ba su ga wani bambanci ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Amma alƙiblar da yawancinsu suka nuna ɗaya ce: wanda ake waiwaya ya fi wanda aka manta da shi tsira.

A nan ne abin ke yi mini ciwo. Mu ne masu cewa zumunci a ƙafa yake. Mu ne waɗanda in mutum ya yi haɗarin babur sai an yi wata guda ana sintiri a gidansa da lemo da ayaba, "sannu, ya jiki, Allah ya sa kaffara ne." Abin da Turawa suka kashe shekaru da kuɗi kafin su gano, mu da shi aka haife mu. Amma mutum ɗaya tak da wannan dubiya za ta iya zame wa bambancin rai da mutuwa, shi ne muke hana wa. Ba mai zuwa, don an ce zazzaɓi ne kuma ya warke. Waɗanda suka san gaskiya kuma sai su riƙa kauce masa, in ya shigo ɗaki hira ta mutu, a bi shi da kallo ta gefen ido. An koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a wurare da yawa gaskiya ne. A wannan wurin dai haɗiye magana guba ce.

Ba ina cewa gaisuwa ta wadatar ba. Akwai jinya ta ƙwararru wadda ake yi da zantawa, kuma tana da tsari. A 2005 Gregory Brown da Aaron Beck da abokan aikinsu a birnin Filadelfiya na Amurka suka ɗauki mutum 120 da ba su daɗe da yin yunƙuri ba. Rabi aka yi musu zama wajen goma da masanin halayyar ɗan Adam. Cikin wata 18, haɗarin sake yunƙuri a wurinsu ya ragu da kusan rabi. Abin da ake yi a zaman ba sihiri ba ne. Ana komawa ranar da abin ya faru a bi ta daki-daki. Me ya faru da safe? Wa ya faɗi me? Da ka ji maganar, me ka ce wa kanka? Nan ne ake samun jimlolin da suka yi aikin: "ni nauyi ne a kansu", "ba zan taɓa fita daga bashin nan ba", "da babu ni da sun huta". Sai a ɗauki kowace a auna ta kamar yadda alƙali ke auna shaida. Wa ya ce maka sun gaji da kai? Ranar da aka kai ka asibiti wa ya kwana a ƙasa kusa da gadonka? Daga nan a koya masa yadda zai rarraba matsalar da ta yi masa tsaye a wuya zuwa ƙanana da za a iya kamawa. Kafin a sallame shi daga jinyar, sai a sa shi ya sake bin waccan ranar a zuciyarsa, amma a kowace mararraba ya faɗi abin da zai yi dabam yanzu. Ga waɗanda abin ya zame musu jiki, suna yi suna maimaitawa, akwai tsari mai tsawo da Marsha Linehan ta ƙirƙiro a birnin Siyatil na Amurka, wanda ke koya wa mutum jure zafin zuciya ba tare da ya huce a jikinsa ba. Ita kanta a 2011 ta fito ta bayyana cewa ta sha wannan azabar tana budurwa, har aka kwantar da ita sama da shekara biyu.

A cikin duk waɗannan, wanda nake ganin kowane gida zai iya fara yi tun yau shi ne takardar tsira, wadda Barbara Stanley da shi Brown ɗin suka tsara. Shafi ɗaya ce, kuma da bakin mai ita ake rubuta ta, ba da bakin likita ko na yaya ba. A ce matar aure ce. Za a tambaye ta, ta yaya kike gane cewa abin yana tahowa? Ta ce, in na daina barci, in na fara kulle kaina a ɗaki, in na ji ba na son jin muryar yaran. A rubuta haka yadda ta faɗa. Me za ki iya yi ke kaɗai ya ɗauke miki hankali ko na rabin awa? Ta ce alwala da karatu, ko wanke-wanke, ko kunna rediyo. Ina za ki je ki zauna cikin mutane ba sai kin yi bayani ba? Gidan maƙwabciyata mai kitso. Wa za ki kira ki gaya masa gaskiya tsirara? Anan sau da yawa ake yin shiru mai tsawo, kuma shirun nan shi ne ainihin ciwon. A yi haƙuri har ta ambaci suna, ko da mutum ɗaya ne, a rubuta lambarsa, a kuma kira shi a gabanta a sanar da shi cewa an sa sunansa. Sai lambar ma'aikacin lafiya da asibiti mafi kusa. Ta naɗe takardar ta sa a bayan wayarta.

Sashen ƙarshe na takardar shi ne gyara gidan, kuma shi ne wanda mutanenmu suka fi rainawa. Sai ka ji an ce, ai wanda ya yi niyya ko ka ɓoye komai zai nemo wata hanya. Ba haka abin yake ba. Wani bincike a Ostiriya ya tambayi waɗanda suka tsira, kusan rabinsu suka ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti goma ba. Idan a cikin mintocin nan hannu bai kai ga komai ba, da yawa guguwar takan lafa. Siri Lanka ta taɓa zama cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan wannan mutuwa. Da ta haramta magungunan ƙwari mafi haɗari, adadin ya faɗi da wajen kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, kuma noma bai durƙushe ba. A nan gida hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta taƙaita sayar da wani maganin ƙwari a 2019 saboda irin wannan dalili, amma kowa ya san abin da ke ajiye a bayan ƙofa da ƙarƙashin gado a gidajenmu, musamman da damina. Idan akwai wanda ya taɓa yunƙuri a gida, a fitar da maganin feshi, a damƙa magungunan asibiti a hannun mutum ɗaya yana ba da na kwana-kwana. A kuma gaya masa a fili cewa an yi haka, da dalilin da ya sa, kada a yi masa kamar ɓarawo.

Kuma a tambaye shi kai tsaye. "Tunanin kashe kanka yana zuwa maka har yanzu?" Na san yadda jimlar take da nauyi a baki. Mutane na tsoron kada tambayar ta tuna masa. An bincika wannan sau da dama, ba a ga tambaya tana jefa tunanin a zuciyar kowa ba. Sau da yawa ma sauƙi take kawowa, don an nuna masa akwai kunnen da zai iya ɗaukar maganar. In ya ce e, kada a yi salati a zabura. A zauna, a saurara, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita.

Na san inda wasu za su tare ni: addini. Za a ce kana so a lallashi mai babban zunubi. Babu mai jayayya cewa haramun ne, ayar tana cikin Suratun Nisa'i: kada ku kashe kawunanku. Amma a ƙarasa ayar mana, ai da rahama ta rufe, cewa Allah Mai jinƙai ne a gare ku. Kuma akwai hadisin Ɗufail ɗan Amru Addausi a cikin Sahihu Muslim. Wani mutuminsa da suka yi hijira tare ya yi rashin lafiya a Madina, ya kasa jurewa, ya yi wa hannunsa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗufail ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali amma hannayensa a lulluɓe, ya ce an gafarta masa saboda hijirarsa. Da aka ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, addu'a ya yi: ya Allah, hannayensa ma Ka gafarta musu. Wannan fa wanda ya riga ya tafi ke nan. Ina ga wanda yake zaune a gabanka da rai, ƙofar tuba a buɗe? Wa'azin wuta ga wanda ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba kowa ba ne, tabbatar masa da hukuncin kawai yake yi. Malamin da nake so a kira shi ne wanda zai fara da "ya kake ji", ya yi addu'a, sannan ya ce a tafi asibiti, ya kuma dawo mako mai zuwa. Haka ma fasto ga 'yan'uwanmu Kiristoci. Ruƙiyya ba ta hana ganin likita, kuma ciwon damuwa mai tsanani yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Ba kowane abu ba ne aljanu ko sammu.

Sai maganar ƙwararru, wadda gaskiya ce mai ɗaci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa jaka. A Arewa akwai asibitin Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sassan da ke asibitocin koyarwa. Wanda ke ƙauye mai nisa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi komawa. Wannan matsalar ce ta sa Dixon Chibanda a Zimbabuwe ya sauya tunani, bayan wata majinyaciyarsa ta rasu ta wannan hanya saboda gidansu ba su da kuɗin motar kawo ta Harare. Sai ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, suna zama da masu damuwa sau shida suna bin tsarin warware matsala. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna masu zama a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu da muke da ungozomomi da malaman Islamiyya da ma'aikatan lafiya a kusan kowace mazaɓa, waɗanda suka iya bin gida-gida don allurar shan inna, me zai hana a koya wa wasunsu wannan? Kowane ɗakin gaggawa ya ware ma'aikaci ɗaya da waya ɗaya da littafi ɗaya, aikinsa ya kira duk wanda aka sallama cikin kwana uku, ya sake kira bayan mako, bayan wata. Kuɗin katin bai kai na ruwan roba da ake sha a taron bita guda ba.

Ban ce zantawa tana biyan bashi ba. Yarinyar da aka ɗaura wa auren da ba ta so, matar da ake jibga kullum, ɗalibin da aka kora saboda kuɗin makaranta, saurayin da ƙwaya ta riƙe, in aka mayar da su cikin abin da ya kai su ba tare da an taɓa komai ba, an yi aikin banza. Wani lokaci maganin shi ne baffa ya je ya zauna da mai bin bashin, ko uba ya haƙura ya janye maganarsa. Taron dangin nan da ake yi don faɗa, da wannan aka yi shi da ya yi amfani.

Abu na ƙarshe shi ne doka, don tana cikin abin da ke sa a ce zazzaɓi ne. Sashe na 231 na kundin laifuffukan da Arewa ta gada tun jajibirin samun 'yancin kai ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Kudu ma tana da irinsa a sashe na 327 na nata kundin. Ingila da ta kawo mana wannan tunani ta soke nata tun 1961. Gana ta soke a 2023. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ci gaba ce, amma ba ta goge waɗannan sassa ba. Ko da ba kullum ake gurfanar da mutane ba, tsoron ɗan sanda ya isa ya sa uba ya yi wa likita ƙarya game da abin da ya faru, ko ya tsaya ba da manja da madara a gida har lokaci ya ƙure. Likitan da aka yi wa ƙarya ba zai tura yaron wurin masu duba ƙwaƙwalwa ba, ba kuma zai sa sunansa a littafin waɗanda za a kira ba. Duk jihar da wannan sashe ke cikin kundinta, 'yan majalisarta za su iya cire shi a zama ɗaya, kuma kowannenmu ya san gidan ɗan majalisar mazaɓarsa.